Rikicin Filaye da Rabon Gado a Farkon Tarihin Amurka: Tambayoyi da Amsoshi

Tambayoyin da ke ƙasa sun shafi zamanin da ya faro daga zuwan Turawan Ingila gaɓar gabashin Amurka a farkon ƙarni na 17 zuwa tsakiyar ƙarni na 19. A mafi yawan shari'o'in wannan zamani takarda ce ke da ta cewa, kuma wanda ya riga kai tasa ofishin rajista shi ke tashi da gona, ko da kuwa wani ne ya sare dajin, ko kakannin wani ne ke binne a ciki.

Ƙasar da fili ya yi wa yawa, me ya kawo rikicin fili a cikinta?

Yawan filin ne ya jawo sakaci wajen rabonsa. Sarakunan Ingila sun riƙa ba kamfanoni da manyan fadawa takardun mallakar yankunan da babu wanda ya taɓa auna su, har ta kai ga takardar wani yanki ta ce iyakarsa ta miƙe daga wannan teku zuwa wancan, ba tare da an san abin da ke tsakani ba. A Virginia, tun daga 1618, duk wanda ya biya kuɗin jirgin mutum guda zuwa yankin yana da haƙƙin eka 50, kuma shi ne zai shiga daji ya zaɓi inda yake so.

Hanyar bayyana iyaka ita ma ta ƙara dagula lamarin. Safiyo yakan ja sarƙar awo mai tsawon ƙafa 66, ya rubuta cewa iyaka ta tashi daga gindin wata bishiya da aka sassara wa ɓawo, ta bi bakin rafi, ta tsaya a kan wani dutse. Bayan shekara 20 bishiyar ta faɗi ko gobara ta cinye ta, rafin ya sauya hanya, safiyon kuma ya mutu, sai a bar magada da takardar da ke kwatance da abubuwan da babu su.

A Kentucky abin ya fi muni. Dokar filaye da Virginia ta kafa a 1779, lokacin Kentucky na ƙarƙashinta, ta gindaya matakai huɗu kafin fili ya zama na mutum: ya sami takardar izini, ya shigar da kwatancen wurin da ya zaɓa a littafin safiyon gunduma, a auna masa, sannan a ba shi takardar mallaka. Ba a auna ƙasar gaba ɗaya kafin a fara sayarwa ba, don haka mutum uku ko huɗu kan shigar da wuri ɗaya, kowa da nasa kwatance, babu wanda ya san da ɗan'uwansa. Mutanen wurin sukan kwatanta filayensu da fale-falen katakon rufin ɗaki, domin kowane ɗaya ya hau kan gefen na kusa da shi.

Idan takardu biyu suka haɗu a kan gona ɗaya, yaya kotu ke raba gardama?

Kotu takan duba wanda ya riga, sannan ta duba ko ya cika kowane mataki a kan ƙa'ida. Wanda ya ji ana shirin ba wani takardar mallakar wurin da yake ganin nasa ne yana iya shigar da ƙorafin dakatarwa a ofishin filaye, a tsayar da komai sai an saurare su. Idan takardu sun riga sun fita, sai a shigar da ƙarar neman tayar da wanda ke zaune a gonar, a gaban alƙali da mutum 12 masu taya shi yanke hukunci. A Kentucky alƙalai sun soke rajista masu yawa saboda kwatancen da aka rubuta bai fito fili yadda wani mai neman fili zai gane wurin ya kauce masa ba.

Wannan ƙara tana da wata al'ada mai ban mamaki da aka gado daga Ingila. Mai gona ba ya shigar da ƙara da sunansa kai tsaye. Lauyansa yakan ƙirƙiri wani ɗan haya da babu shi a duniya, galibi a sa masa suna John Doe, a ce an ba shi hayar gonar amma wani ya kore shi, kotu kuma ba za ta iya mayar da ɗan hayar ba sai ta tabbatar da cewa wanda ya ba shi hayar shi ne mai gonar. Dalilin ke nan da ya sa ake ganin kalmar ɗan haya a sunayen tsofaffin shari'o'in filaye na Amurka.

Tsadar shari'a ta kori mutane da yawa tun kafin a kai ga hukunci. Daniel Boone, wanda ya jagoranci buɗe hanyar shiga Kentucky, ya rasa filayensa a ƙararraki da bashin haraji, ya koma Missouri a 1799, lokacin tana hannun Sifaniyawa. Thomas Lincoln ya kwashe iyalinsa daga Kentucky zuwa Indiana a 1816, ɗansa Abraham na da shekara 7, kuma Abraham Lincoln da kansa ya bayyana daga baya cewa babban abin da ya tayar da su shi ne matsalar takardun fili.

Wanda ya sare daji, ya gina gida, ya noma shekara da shekaru, ba shi da wani haƙƙi?

Yana da shi, amma ƙarami ne idan aka gwada da na mai takarda. A 1784 George Washington ya je duba filinsa mai eka 2,813 a Millers Run da ke yammacin Pennsylvania, ya tarar iyalai sun zauna sun gina gidaje da rumbuna. Ya yi musu tayin su saya ko su karɓi haya, suka ƙi, suka ce a haɗu a kotu. A 1786 kotu ta ba shi gaskiya, domin shi ke riƙe da takarda.

Majalisar Kentucky, wadda masu zaɓenta da yawa 'yan kama-wuri-zauna ne ko masu raunin takarda, ta kafa dokoki a 1797 da 1812 da suka ce wanda ya ci shari'a sai ya biya wanda ya kayar kuɗin gyaran da ya yi wa gonar. Kotun Ƙolin Amurka ta soke dokokin a shari'ar Green da Biddle a 1823, bisa hujjar cewa sun saɓa wa yarjejeniyar da Kentucky ta ƙulla da Virginia lokacin rabuwarsu, duk da cewa fitaccen ɗan siyasar Kentucky Henry Clay ne ya tsaya wa jihar. Kotunan Kentucky suka yi kunnen uwar shegu da hukuncin. Sai a 1841 gwamnatin tarayya ta kafa dokar da ta ba wanda ya zauna a filin gwamnati damar ya riga kowa sayen eka 160 a kan dala 1.25 kowace eka. Akwai kuma tsohuwar ƙa'idar Ingila ta 1623, wadda yankuna da yawa suka ɗauka: mai fili da ya yi shiru shekara 20 yana kallon wani a kan filinsa ya rasa damar kai ƙara.

Shin akwai hanyar sasantawa ba tare da zuwa kotu ba?

Akwai. Dokar Virginia ta 1662 ta wajabta wa maƙwabta su fito duk bayan shekara 4 su zagaya iyakokin gonakinsu tare, su sabunta alamun da ke jikin bishiyoyi, kwamitin cocin yankin ne kuma ke tsara wannan zagaye ya rubuta sakamakonsa. Mutane sukan kuma zaɓi dattawa su raba musu gardama. Washington, wanda ya fara aikin safiyo yana da shekara 17 kuma ya san yadda shari'ar fili ke cinye dukiya, ya rubuta a wasiyyarsa ta 1799 cewa idan saɓani ya taso tsakanin magadansa, kowane ɓangare ya zaɓi mutum guda, su biyun su zaɓi na uku, kuma hukuncinsu ya ɗaure kowa tamkar daga Kotun Ƙoli ya fito.

Idan mutum ya mutu bai bar wasiyya ba, wa ke gadon gonarsa?

Ya danganta da yankin da ya mutu. A dokar Ingila ta wancan zamani ɗan fari namiji shi kaɗai ke gadon ƙasa baki ɗaya, sauran 'ya'ya kuma su raba dukiyar da ake iya ɗauka, irin su dabbobi da kayan ɗaki da kuɗi. Virginia da Maryland da Carolina ta Arewa da ta Kudu da New York sun bi wannan tsari. Massachusetts da Connecticut da Pennsylvania kuwa raba gona suke yi tsakanin 'ya'ya maza da mata, sai dai babban ɗa ya ɗauki kaso biyu, hukuncin da suka ciro daga Attaura. Ya kamata a lura cewa duk wannan yana aiki ne idan babu wasiyya, domin uba yana da ikon ya raba ƙasarsa yadda ya ga dama, kuma iyaye da yawa sun yi hakan don kada ƙananan 'ya'ya su tashi a tutar babu.

Bambancin tsarin biyu ya taɓa girgiza Connecticut. Bayan rasuwar Wait Winthrop a 1717 ba tare da wasiyya ba, ɗansa John ya ce ƙasar duka tasa ce bisa dokar Ingila, mijin 'yar'uwarsa, Thomas Lechmere, ya ce sai an raba bisa dokar yankin. John ya ɗaukaka ƙara har Landan, kuma a 1728 majalisar mashawartan Sarki ta ba shi gaskiya, ta ce dokar gadon Connecticut ta 1699 ba ta da tushe. Wannan hukunci ya jefa kusan kowane gida cikin zullumi, tunda an shafe shekaru ana raba gonaki bisa waccan doka, kuma kowane ɗan fari yana iya tasowa ya nemi a dawo masa da kason ƙannensa. Hankali bai kwanta ba sai a 1745, da majalisar ta sauya matsayi a wata shari'a daga yankin.

Akwai kuma al'adar ɗaure gona a cikin zuri'a, inda mai wasiyya zai hana sayar da ita har abada, ta riƙa sauka daga magaji zuwa magaji. Thomas Jefferson ne ya kawo ƙudurin da ya soke wannan a Virginia a 1776, aka kuma soke fifikon ɗan fari a jihar da dokar 1785. Georgia ta yi nata tun 1777, sauran jihohin suka biyo baya kafin ƙarshen ƙarnin. Dokar Yankin Arewa maso Yamma ta 1787 ta fara ne da batun gado, inda ta ce a raba daidai tsakanin 'ya'ya.

Mene ne rabon matar mamaci?

Tana da sulusin ƙasar mijinta, amma na ci ne kawai iya tsawon rayuwarta. Ba za ta sayar ba, ba za ta bar wa kowa wasiyyarsa ba, ranar da ta rasu ya koma hannun magadan mijin. Mai karatu da ya saba da tumunin takaba zai ga sulusi ya fi yawa, sai dai tumunin mallakar mace ne na har abada, wannan kuwa aro ne. Kotu kan naɗa maƙwabta su je su fitar mata da kasonta a zahiri, kuma a rahotanninsu akan ga an rubuta mata ɗaki kaza a cikin gida, da wani sashe na rumbu, da damar ɗiban ruwa a rijiya, alhali ɗanta ko ɗan kishiyarta ne mai gidan.

Matar aure a wancan zamani ba ta da ikon ƙulla ciniki da sunanta, kuma amfanin gonar da ta gada daga iyayenta na mijinta ne muddin suna tare. Kariyar da doka ta tanadar mata ita ce, a yankuna da yawa idan miji zai sayar da ƙasa sai wani jami'i ya keɓe da matar, ba a gaban mijin ba, ya tambaye ta ko da yardarta. Inda aka tsallake wannan mataki, tana iya tasowa bayan mutuwar mijin ta nemi sulusinta daga hannun wanda ya saya. Dokokin da suka ba matar aure ikon riƙe dukiyarta sun zo a makare: Mississippi a 1839, New York a 1848.

Yaya ake gudanar da rabon a aikace, kuma wa ake fara biya?

Idan akwai wasiyya, shaidu kan zo su rantse a kanta a gaban kotu. Idan babu, kotu ta naɗa mai kula da dukiyar, sau da yawa matar mamacin, bayan ya kawo masu tsaya masa. A Virginia kotun gunduma ce ke wannan aiki, a Pennsylvania kuwa akwai kotu ta musamman da ake kira kotun marayu. Daga nan sai a rantsar da wasu maƙwabta su shiga gida su yi wa komai kuɗi, tun daga katifar gashin tsuntsu, wadda takan fi yawancin kayan gidan daraja, har zuwa tukunyar ƙarfe da garma da 'yan maruƙa.

Masu bin bashi ake fara sallama. A Ingila ƙasar da aka gada tana da kariya daga bashin da ba a jingine ta a kansa ba, amma 'yan kasuwar Birtaniya sun matsa har majalisar dokokinsu ta kafa dokar 1732, wadda ta halatta sayar da gonaki da gidaje da bayi a Amurka don biyan bashi. Tun daga lokacin, magada da yawa sun ga an yi gwanjon gonar ubansu a ƙofar kotu.

Bayi fa, yaya aka yi da su a rabon gado?

A cikin jerin dukiya ake rubuta su, kowa da sunansa da farashinsa, kuma mutuwar ubangida na daga cikin manyan hanyoyin da aka raba uwa da ɗa, miji da mata. Virginia ta mayar da su tamkar ƙasa a dokar gado a 1705, sannan a 1792 ta mayar da su cikin dukiyar da ake iya ɗauka. Gidan Washington ya nuna yadda abin yake. Wasiyyarsa ta 'yanta bayi 123 da ya mallaka, amma wasu 153 da ke aiki a gonarsa ta Mount Vernon na cikin sulusin da matarsa Martha ta samu daga mijinta na farko, Daniel Parke Custis, saboda haka babu mai ikon 'yanta su tsakanin shi da ita. Bayin ɓangarorin biyu sun riga sun yi auratayya, kuma da Martha ta rasu a 1802 aka raba na ɓangaren Custis tsakanin jikokinta huɗu.

Me ya faru da filayen waɗanda suka goyi bayan Ingila a yaƙin neman 'yanci?

Jihohi sun ƙwace su sun sayar, duk da cewa yarjejeniyar Paris ta 1783 ta hana ci gaba da ƙwace, yarjejeniyar Jay da Amurka ta ƙulla da Birtaniya a 1794 kuma ta kare mallakar 'yan Birtaniya. Shari'ar da ta fi fice ita ce ta gadon Lord Fairfax, mai eka fiye da miliyan 5 a arewacin Virginia. Ya rasu a 1781 ya bar wa ɗan 'yar'uwarsa Denny Martin, wanda ke zaune a Ingila. Virginia ta ce baƙo ba ya gadon ƙasa, ta ba David Hunter wani yanki na filin a 1789. Kotun Ƙoli ta ba ɓangaren Martin gaskiya a 1813, babbar kotun Virginia ta ƙi bin umarnin, ta ce kotun tarayya ba ta da hurumi a kanta. A 1816 Mai Shari'a Joseph Story ya rubuta hukuncin da ya tabbatar da cewa Kotun Ƙoli na da ikon duba hukuncin kotunan jihohi a kan dokar tarayya. Babban Jojin ƙasar, John Marshall, bai zauna a shari'ar ba, domin shi da ƙanensa sun sayi wani sashe na filin da ake rigima a kai.

Idan yankuna biyu ne ke jayayya, wa ke raba su?

Kafin 'yanci Landan ce. Rigimar iyalan Penn, masu mallakar Pennsylvania, da na Calvert, masu mallakar Maryland, a kan iyakar yankunan biyu ta kai ga hukuncin kotu a 1750, sannan Charles Mason da Jeremiah Dixon suka auna layin daga 1763 zuwa 1767. Bayan 'yanci, wata kotu ta musamman da ta zauna a Trenton a 1782 ta ba Pennsylvania kwarin Wyoming, wanda Connecticut ita ma ke da'awa, har mutanenta suka zubar da jini a kansa. Vermont kuwa ta amince za ta biya New York, wadda ke da'awar ƙasarta, dala 30,000 kafin ta shiga tarayya a 1791.

Idan an sami fili ta hanyar cin hanci, ana iya ƙwace shi daga wanda ya saya daga baya?

Kotun Ƙoli ta ce a'a. A 1795 majalisar Georgia ta sayar wa kamfanoni huɗu eka kimanin miliyan 35 a yankin kogin Yazoo a kan dala 500,000, abin da bai kai santi 2 a kowace eka ba, kuma kusan duk 'yan majalisar da suka amince an ba su hannun jari. Jama'a suka fusata, sabuwar majalisa ta soke cinikin a 1796, aka ƙone takardar dokar a bainar jama'a. Kafin nan kamfanonin sun sayar wa wasu, musamman a yankin Boston. A shari'ar Fletcher da Peck ta 1810, Marshall ya ce miƙa fili da jiha ta yi yarjejeniya ce, kuma ba a warware ta a kan mai sayen da bai san da zambar ba. A 1814 majalisar tarayya ta ware dala miliyan 5 don sallamar masu da'awa, ma'ana baitulmali ne ya biya kuɗin ɓarnar.

Yaushe rikicin ya fara raguwa?

Da aka fara auna ƙasa kafin a sayar. Dokar filaye ta 1785 ta yanka yankunan yamma murabba'i-murabba'i, kowane gari mil 6 tsawo mil 6 faɗi, a cikinsa kashi 36 masu eka 640, an kuma keɓe kashi na 16 don makarantu. Gona ta koma lamba a kan taswira, ba ta dogara da ran bishiya ba. Inda aka gaji takardun Faransawa da Sifaniyawa, kamar Louisiana bayan sayenta a 1803, an kafa kwamitocin tantancewa tun 1805, kuma shari'o'in can sun daɗe. Myra Clark Gaines ta fara neman gadon mahaifinta a New Orleans a 1834, ta rasu a 1885 ba a gama ba, sai a 1891 aka rufe shari'ar.

Ina 'yan asalin ƙasar suke a cikin duk wannan?

Kowace takarda da aka ambata a sama a kan ƙasarsu aka rubuta ta. A 1737 'ya'yan William Penn sun fito da wata tsohuwar takarda da ta ce ƙabilar Lenape ta sayar da fili iya tafiyar yini ɗaya da rabi. Suka sa aka share hanya tun da wuri, suka ɗauko masu gudu, aka yanke eka fiye da miliyan 1. Ƙabilar Mohegan ta bi hanyar kotu, ta yi shari'a da Connecticut daga 1705 har 1773, daga ƙarshe Landan ta ba yankin gaskiya.

Hukuncin da ya zama ginshiƙi shi ne na Johnson da M'Intosh a 1823. Ɓangare ɗaya yana riƙe da takardun saye daga ƙabilun Illinois da Piankeshaw na 1773 da 1775, ɗayan kuma daga gwamnatin tarayya ya saya, kuma babu ɗan ƙabilun ko ɗaya a cikin masu shari'ar. Marshall ya ce ƙasar Turai da ta fara isa wuri ita ke da asalin mallaka, Amurka ta gaji wannan daga Birtaniya, 'yan asalin ƙasa kuma haƙƙin zama kawai suke da shi, wanda ba za su sayar wa kowa ba sai gwamnati.

Wata doka da majalisar tarayya ta kafa a 1790, wadda ta haramta sayen ƙasa daga ƙabilu ba da izinin tarayya ba, ita ce ta dawo ta yi musu amfani bayan tsawon lokaci. Jihar New York ta sayi ƙasa daga ƙabilar Oneida a 1795 ba tare da wannan izini ba, kuma a 1985, shekara 190 bayan cinikin, Kotun Ƙoli ta yanke cewa ƙabilar na da damar neman diyya a kansa.